Mai Goyo Da 'Yar Sana'arta: Wa Ke Riƙe Da Yaron?

Yau maganarmu a kan mai goyo ce, ko mai ƙananan yara biyu ko uku a gabanta, wadda take son ta ɗan taɓa wani abu da zai kawo mata ko da kuɗin sabulu da na biki ne. Ma'aikaciyar da ke fita ƙarfe 8 ta dawo ƙarfe 4 maganarta daban ce, za mu zo kanta wata rana. Wadda nake nufi ita ce wadda aikin nata bai wuce awa biyu ko uku a yini ba, wani lokacin ma kwana biyu ne kacal a mako: mai kitso da lalle, mai ɗinkin hula, mai ƙulla zoɓo da kunun aya, mai suyar awara da yamma, malamar Islamiyya da ke shiga aji bayan la'asar, da wadda akan ɗauka ta bi gida-gida na 'yan kwanaki tana ɗiga wa yara maganin shan-inna.

Irin wannan aiki mutane sun raina shi. Za ki ji an ce, "Ai 'yar awa biyu ce, me zai gagara?" Ke kanki ma haka kike faɗa wa zuciyarki kafin ki fara. To amma bari mu ɗauki awara mu bi ta daga farko. Kin jiƙa waken suya tun da dare ko da asuba. Kin wanke, kin nemi wanda zai kai miki markaɗe. Kin tace, kin ɗora a wuta kina tsaye a kansa don kada ya yi bori, kin zuba ruwan tsami, kin kwashe, kin matse kin ɗora masa nauyi, kin yanka. Sai bayan duk wannan ne za a zo suyar da mutane ke gani, wadda suke kira awa biyu. Ga wanke-wanke kuma yana jiranki. Haka malamar Islamiyya, awa biyun aji daban, shirin fita da tafiya da dawowa da duba littattafan ɗalibai daban. Saboda haka abu na farko, 'yar'uwa, in za ki auna sana'a ki auna ta tun daga lokacin da kika fara sa mata hannu har zuwa lokacin da kika kife tukunya. Sau da yawa awa biyun sai ta tashi biyar ko shida.

Wata za ta ce, to iyayenmu fa? Ai da goyo a bayansu suka yi ƙuli-ƙuli, suka yi fura, suka yi kaɗi da saƙa, ba su taɓa zama sun yi wannan lissafi ba. Gaskiya ne sun yi. Har wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan wannan ciniki na matan Hausa, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, don ta ga irin hatsi da abincin da ke shiga yana fita daga gidaje ba tare da matan sun taka kasuwa ba. Wata kuma, Enid Schildkrout, ta yi nata binciken a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa wannan ciniki a kan yara ya rataya, su ne masu sayo kaya, su ne masu talla, su ne masu raino. Kin ga ke nan iyayenmu ba su kaɗai suka yi ba. Gidan gandu ne, ga kaka a ɗakinta, ga faccala, ga abokiyar zama, ga yara fal tsakar gida. In jariri ya tsala kuka kafin uwar ta ɗauraye hannu wata ta ɗauke shi. Ke kuwa yau wataƙila a gidan haya kike, ɗaki da falo, danginki na wata unguwa ko wani gari, yaran da suka tasa suna makaranta tun safe. Hannuwan da suka riƙe musu ke ba ki da su. Don haka ki daina auna kanki da su kina jin kamar ragwanci ne ya hana ki.

Lokacin mai goyo ba a dunƙule yake zuwa ba, gutsi-gutsi ne. Minti ashirin nan, rabin awa can, sai kuma wani barci na awa guda da rabi in an yi sa'a. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci kafin ki zaɓi sana'a ita ce: in yaron nan ya yi kuka ina tsakiyar aiki, zan iya ajiyewa in tashi nan take?

Akwai aikin da ke ajiyuwa. Ɗinkin hula, saƙar kayan sanyi na jarirai, ƙulla gishiri da sukari da kuka da kuɓewa, haɗa humra, sayar da kati da data, ko tallar atamfa da mayafai ta WhatsApp. Duk waɗannan in kika soke allurarki a inda hannu ba ya kai wa, ko kika kife waya, kin dawo bayan awa guda za ki tarar da su yadda kika bar su. Akwai kuma wanda ba ya jira ko na ƙiftawar ido. Mai a kan wuta ba ya jira. Sabulun da kika riga kika haɗa wa soda ba ya jira. Lallen amarya da kika fara zanawa ba ya jira, ita ma wadda kika tsefe wa rabin kai ba za ta ji daɗi ba in kika bar ta zaune kina rarrashi. Ba cewa nake yi mai goyo kada ta yi irin wannan ba, domin sau da yawa shi ya fi kawo kuɗi a hannu a ranar. Abin da nake cewa shi ne, irin wannan aiki sai da mutum na biyu. Taura biyu ba ta taunuwa. In babu wanda zai riƙe miki yaro a wannan awar, to ba ki da wannan awar, ko da kuwa agogo ya nuna miki kina da ita.

Sannan shekarun yaron ma suna da ta cewa. Mata da yawa sun ɗauka jariri sabon haihuwa shi ya fi hana aiki. Yana hana barcin dare, yana kuma shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, amma inda kika ajiye shi nan za ki same shi. Mai wuyar shi ne daga lokacin da ya fara rarrafe har ya kai shekara uku. Yana da ƙafa, yana da hannu, komai ya gani sai baki, kuma "bari" ba ta shiga kunnensa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, har da na rana. In kika cire na dare, abin da ya rage miki da rana bai taka kara ya karya ba. A cikin waɗannan ƙa'idoji har wa yau an ce kada a tsare ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kuma sun ambaci goyo a baya ƙarara. Na san wata za ta yi dariya ta ce su waɗannan ba su san zani da majanyi ba. Ni ma ba zan ce ki riƙa duba agogo kina kwance goyo ba, goyo rahama ne, shi ke sa yaro ya natsu. Amma akwai gaskiya a ciki. Yaron da ya yini ɗaure a baya daga hantsi har la'asar bai samu ya yi rarrafe ya taɓa ya ɗanɗana ya yi gwaranci da ke ba, in kuma a bakin murhu kika yini, hayaƙin icen da kika shaƙa shi ma ya shaƙa, ƙirjinsa kuwa bai kai naki ƙwari ba. Hayaƙin girki yana cikin abubuwan da ke jawo wa ƙananan yara ciwon nimoniya.

Tunda mun zo nan, bari in ɗan tsaya a kan haɗari, don masu sana'ar cikin gida kayan aikinsu da wurin wasan yaransu tsakar gida ɗaya ce. Masu haɗa sabulu, ina roƙonku da girman Allah, kada ku jiƙa soda a gorar ruwa ko kofin sha. In ta narke kamanninta ɗaya da ruwa. Kurɓi ɗaya yana ƙone wa yaro maƙogwaro, wani har ya warke hanyar abinci ta tsuke, a yi ta zaryar asibiti shekara da shekaru. In tsautsayi ya sa ya sha, kada ki sa shi amai, kada ki ɗura masa manja, ki ɗauke shi sai asibiti, ki tafi da gorar su gani. Masu lalle, garin dayis ɗin nan da ake baƙin lalle da shi guba ne in ya shiga ciki, ki ɗaga shi sama ki rufe. Masu suya, in mai ya fallatsa wa yaro, ruwa mai tsafta mai ɗan sanyi za ki yi ta kwarara wa wurin har kamar minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, ban da man goge baki. Bahon da kika jiƙa aya ko wake a ciki kuma ki rufe shi, ɗan rarrafe in ya kifa kai cikin ruwa kaɗan ma ba ya iya ɗagowa.

Akwai wata ɗabi'a da ake yi a ɓoye, wadda ba a so a faɗa. A ba yaro maganin mura mai sa barci, ba don yana mura ba, sai don ya kwanta uwar ta samu ta gama aiki. 'Yar'uwa, wannan ba dabara ba ce. Jikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar irin wannan magani yadda na babba ke ɗauka, kuma babu ɗinkin da ya kai a yi masa wannan kasada. Ita ma wayar da ake miƙa wa ɗan shekara ɗaya ya yi ta kallo don ya yi shiru, masana lafiya ba su yarda da ita ba kafin shekara biyu, daga biyu zuwa huɗu kuma sun ce kada ya wuce awa guda a yini.

To wa zai riƙe yaron? A yawancin gidajenmu amsar ɗaya ce: yayarsa. Yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, ita ce goyo, ita ce kai markaɗe, ita ce farantin talla. Ban ce yarinya kada ta taya uwarta aiki ba, ai ta haka muka koya dukanmu, kuma yarinyar da ta iya rarrashin ƙaninta ta iya wani abu. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya. In sana'arki ba ta tsayawa sai 'yarki ta makara a makaranta, ko ta yi fashin Islamiyya, ko ta kai magariba a tasha da bokiti a kai, to wani kaso na ribar da kike ƙirgawa da dare ita ce ta biya shi. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara tara, na firamare da ƙaramar sakandare. Ko babu doka ma, ke kin san abin da ke samun 'yan talla a kangwaye da garejoji, ba sai na fayyace a rediyo ba. Ga shi kuma 'yar shekara bakwai ita kanta yarinya ce. In ƙawarta ta kira ta 'yar gala-gala za ta dire goyon ta manta, ba laifinta ba ne, shekarunta ne.

Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne ki juya cinikin ya zo ya same ki. Ki sa wa sana'ar lokaci guda da kowa zai sani, a ce awarar gidan wance daga ƙarfe 4 zuwa 6 ce, maƙwabta da kansu za su riƙa aiko yaransu. Ko ki riƙa bayar da sari ga mai shagon bakin layi ko mai firij, ribar ta ragu amma 'yarki tana aji. Ko ki koma yin sai wanda aka yi oda ta waya, na suna da na walima, sau biyu ko uku a wata.

Sai kuma maƙwabciya. Mun iya adashen kuɗi, me zai hana mu yi na raino? Ke da wata mai yara kamar naki, ki riƙe nata Litinin da Laraba daga hantsi zuwa azahar, ita ta riƙe naki Talata da Alhamis. Kowaccenku ta samu safiya biyu a dunƙule, wanda ya fi mata gutsattsarin mako guda amfani. Sai dai ku yi magana tun farko, kada kunya ta hana: wa zai kawo abincin yara, ana dukan ɗan wani ko ba a yi, in ɗaya yana gudawa ko ƙyanda a kawo shi ko a bari. Yawancin irin wannan shiri a kan abin da aka ji nauyin faɗa da farko yake watsewa.

Maigida, in kana kusa da rediyo, ga taka. Riƙe ɗanka na awa guda bayan isha'i ko ranar da ba ka fita ba zai rage maka komai ba. Ke kuma uwargida, kada ki ce masa "ka riƙa taimaka mini", wannan magana ce mai faɗi, ba ya sanin ta inda zai kama. Ki ce, "Abban su, ranar Asabar da hantsi ina da kitso biyu, don Allah ka fita da su soro." Abin da aka yanka wa rana da lokaci ya fi yiwuwa. Ku kuma daddale maganar kuɗi tun kafin a fara. A shari'a abin da mace ta samu nata ne, ci da sha da sutura kuma suna wuyan miji. Amma abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne, da zarar an ga kina juya 'yan kuɗi, sai kuɗin sabulu ya ɗauke, sai kuɗin tara na 'yan makaranta ya bi, sai cefane ya fara zuwa babu na magi. Ba a ce miki komai ba, ke ma ba ki ce ba, sai kawai ki wayi gari kin ƙara wa kanki aiki ba ki ƙara ko sisi ba. In kin taimaka don kin ga halin da ake ciki, wannan alheri ne kuma da yawa muna yi. Amma ya zama kin san kin bayar.

Ga masu fita kuwa, malamai da masu aikin rigakafi da makamantansu, babbar damuwa ita ce nono. Wata shida na farko nono zalla ake so jariri ya sha, ko ruwa ba ya bukata. Fitar awa biyu ko uku ba ta isa ta karya wannan ba. Ki shayar da shi ya ƙoshi dab da za ki fita, ki tatsa a kofi mai tsafta mai murfi ki bar wa mai riƙonsa, ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. A ɗaki mai sanyi-sanyi yana kai awa 4 bai lalace ba, amma a zafin watan Afrilu kada ki bari ya kai haka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa, jihar Kaduna ma a 2019 ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida. Sai dai ke mai aikin kanki ba wanda zai sa miki hannu a takardar hutu. Ke za ki ba kanki. Ko ba komai ki yi arba'in ɗinki cikakke ba tare da kin karɓi aikin kowa ba. Ki kuma sa ranakun allurar rigakafi a lissafi, mako na 6, na 10, na 14, sai wata 9 da wata 15. Ranar kin yini a layi, washegari kuma wataƙila jikinsa da ɗumi yana ƙiwuya, kada ki yi wa kowa alkawari a waɗannan kwanaki.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, don wani lokaci gajiya ce kawai ribar. A ce yau kin yi cinikin naira 6,000. Wake da mai da ice da markaɗe da leda da yaji sun ci 4,500. Saura 1,500. Yaranki sun ci ta 500, ba za ki hana su ba suna kallo. Maƙwabciya ta aiko a ba ta ta 300 sai gobe, goben da ba ta zuwa. Abin da ya rage a hannunki 700, a aikin awa shida. Wata za ta duba ta ce ya ishe ni, tunda yara sun ci kuma na samu na kashewa, to madalla, ta san abin da take yi. Wata kuma sai ta ga gara ta yi sau biyu a mako da yawa a kan kullum kaɗan-kaɗan. Ko wanne kika zaɓa, ki rubuta na mako biyu kawai a bayan littafin yaro ki gani da idonki. Ki ware uwar kuɗi a wani gwangwani daban wanda ba a taɓawa. Kuma kada ki shiga adashen kullum da sana'ar da ba kullum take ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaro kwana uku, tukunya za ta huta amma uwar adashe ba ta hutawa, daga nan ake fara cin jari.

Na san a cikin masu saurarena akwai wadda duk wannan zaɓi ba ta da shi. Mijin ya rasu, ko ya tafi ci-rani shiru, ko yana nan amma babu. In ba ta ɗora kasko ba yau ba za a ci ba. Ita ba zan ce mata ta rage ba. Sai dai in ce ta matsar da murhun jikin bango, ta gitta turmi ko benci tsakaninsa da inda yaron yake, ta juya mariƙin kasko ciki, ta kuma cire kunya ta roƙi tsohuwar da ke kusa ta zo ta zauna mata na awar suyar nan, ko da awarar ɗari biyu ce ladanta. Akwai kuma wadda ta duba ta ga a shekara biyun nan ba za ta iya haɗawa ba, ta ajiye. Kada a ce mata tana zaman banza. Wadda ke da ɗan rarrafe da ɗan yaye a gabanta ba ta ga ta zama ba ma, balle na banza. Shawarata gare ta ita ce kada ta saki hannu gaba ɗaya. Kitso ɗaya a mako, ko riga ɗaya a wata, ya isa ya sa hannu bai mutu ba, masu zuwa kuma ba su manta ƙofar gidan ba, har yaron ya shiga makaranta safiya ta dawo tata.

Masu ɗinki, ku ne na bari a ƙarshe, don ku alkawari ya fi kamawa. In kin san riga za ta ci miki kwana uku, ki ce mako guda, domin a cikin ukun nan akwai daren da ba za a yi barci ba. Azumi in ya kama, ki ƙirga kaya nawa kika iya gamawa a wata guda da yaron nan a gabanki, ki tsaya a nan. Ki sanar tun farkon wata cewa daga goma ga azumi kin rufe karɓa. Wadda ta zo bayan nan, ko 'yar ɗakinku ce, ki ba ta haƙuri ki nuna mata gidan wata telar.

Sai mun sake haɗuwa a mako mai zuwa, a shafa mini kan yara.